Ƙodar ɗan'uwa da maganin da ba a dainawa

Wata baiwar Allah ta turo mini tambaya. Ta ce yayanta wata takwas ke nan yana wankin ƙoda, sau biyu a mako, kuma ta ƙuduri niyyar ba shi ƙodarta ɗaya. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Amma likita ya ce sai an yi musu gwaje-gwaje kafin a san ko abin zai yiwu, kuma ko an yi dashen, yayan nata zai riƙa shan magani safe da dare iya tsawon ransa. Ta ce, in dai ciki ɗaya muka fito, me ya kawo wannan dogon turanci? Kuma aikin nan tun yaushe ake yin sa, ko dai har yanzu gwaji ake yi da mutane?

Ƙanwata, Allah ya ba yayanki lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Ba gwaji ake yi ba. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara an yi shi a 1954, kuma a nan Najeriya ana yi tun shekarar 2000. Amma likitanku gaskiya ya faɗa miki. Ɗinke ƙoda a jikin mutum ba shi ne wahalar ba, wannan an gama da shi fiye da shekara ɗari. Inda gizo ke saƙar shi ne jikin ɗan Adam ya san nasa, ya san bare, kuma ba ya mantuwa.

Ita kalmar "dashe" ma tana ɗan ruɗar mu. Manomin rani ya ciro irin albasa ya dasa, in ya kama shi ke nan. Mai lambu ya yi wa mangwaro aure, ya ɗaure da leda, bayan 'yan makonni ya kwance, reshe da gindi sun zama itace ɗaya har abada. Mutane sukan zo asibiti da wannan hoton a ransu. Jiki kuwa ba ya ɗaukar baƙuwar ƙoda a matsayin tasa, ko bayan shekara ashirin. Lallaɓa shi ake yi kullum.

Bari in fara miki daga ɗinkin. A 1894 aka soki shugaban Faransa, Sadi Carnot, da wuƙa a birnin Lyon. Wuƙar ta yanke babbar jijiyar da ke kai jini hanta, likitoci suna tsaye ya zubar da jini har ya cika, don a lokacin ba wanda ya iya ɗinke jijiyar jini ba tare da ta toshe ba. Wani ɗalibin likita a garin, Alexis Carrel, abin ya tsaya masa a rai. Ya je wurin masu surfani ya koyi aiki da siririyar allura da zaren siliki. Dabarar da ya fito da ita a 1902 ko telan kasuwa zai gane ta: sai ya soka zare uku a bakin jijiyar ya ja su, bakin da yake zagayayye ya koma mai kusurwa uku, sai ya bi kowane gefe ya ɗinke shi a miƙe. A 1912 aka ba shi kyautar Nobel. Da wannan ɗinki ya riƙa cire ƙodar kare ya mayar wa karen a wani wuri na jikinsa, ta yi ta aiki lafiya lau. In kuwa ya ɗauko ta wani karen ya sa masa, ɗinki iri ɗaya, hannu ɗaya, sai ta yi 'yan kwanaki ta mutu. Carrel ya gane ba laifin allura ba ne, amma bai san laifin mene ne ba.

A 1933 wani likita a Yukren, Yurii Voronoy, ya ciro ƙodar mamaci ya ɗinka ta a cinyar wata mata da guba ta kashe wa ƙoda. Rukunin jininsu bai zo ɗaya ba, ƙodar ba ta yi aikin kirki ba, matar ta rasu bayan kwana biyu. Abu ɗaya ne ya karɓu tun da wuri: tantanin gaban ido. A 1905 Eduard Zirm ya dasa shi ga wani lebura da farar ƙasa ta ƙona wa idanu, ido ɗaya ya buɗe ya ci gaba da gani. Daga baya aka gane dalili: tantanin nan ba jijiyar jini a cikinsa, saboda haka masu gadin jiki ba su cika leƙawa can ba.

Su wane ne masu gadin? Yaƙin duniya na biyu ne ya tona su. Ana ta kawo matuƙan jirage da suka ƙone, fatar jikinsu ba ta isa a rufe raunin da ita ba, in an sa ta wani kuma sai ta bushe ta faɗi. Wani masanin halittu, Peter Medawar, ya tafi sashen masu ƙuna a Glasgow ya haɗu da likita Tom Gibson. Akwai wata mata da suka sa wa ƙananan yankunan fatar ɗan'uwanta, ki lura, ɗan'uwanta na jini. Da farko fatar ta zauna kamar ta kama, daga baya ta lalace. Da suka sake ɗebo fatar ɗan'uwan nan suka sa karo na biyu, sai ta lalace da sauri fiye da na farko. Wannan sakamako da suka bayyana a 1943 shi ne mabuɗin komai. Abin da ke saurin kai hari a karo na biyu, to ya riƙe kamannin wanda ya gani a karo na farko. Garkuwar jiki ke nan, wadda ke hana mutum yin ƙyanda sau biyu, wadda kuma allurar rigakafi ke koya wa darasi.

Ga yadda nake yi wa majinyata bayani. Kin san tsagar gado, wadda da an kalli fuskar mutum za a ce wannan Bagobiri ne, wannan Babarbare. To kusan kowace ƙwayar halitta a jikinki tana ɗauke da tsagarta a fuska, likitoci suna kiran ta HLA. Wani Bafaranshe, Jean Dausset, ya fara gano ɗaya daga cikinsu a 1958. Fararen ƙwayoyin jini suna yawo dare da rana suna duba fuskoki. Wadda tsagarta ta gida ce su wuce, wadda ba su sani ba su far mata. Ba su san ƙodar nan an kawo ta don ceton maigidansu ba ne. A wurinsu da ita da ƙwayar cuta duk ɗaya.

Yanzu ga lissafin da ya shafe ki. Tsagar nan a dunƙule ake gadonta, ƙunshi ɗaya daga uwa, ƙunshi ɗaya daga uba. Mahaifiyarku tana da ƙunshi biyu, mahaifinku yana da biyu, kowannenku ya samu ɗaya daga nan ɗaya daga can. Saboda haka tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, sau ɗaya cikin huɗu ne ake dacewa gaba ɗaya, sau biyu cikin huɗu a dace rabi, sau ɗaya cikin huɗu kuma ba a haɗa komai ba, kamar ba a san juna ba. 'Yan uba ba za su wuce rabi ba, sai dai in iyayen mata dangin juna ne. Uwa da ɗanta kullum rabi ne.

Rabin nan ya taɓa yaudarar likitoci a Paris. A daren Kirsimetin 1952 aka dasa wa wani yaro kafinta ɗan shekara 16, Marius Renard, ƙodar mahaifiyarsa a asibitin Necker. Ya faɗo ne daga kan gini, aka cire masa ƙodar da ta fashe, ashe ita kaɗai Allah ya halicce shi da ita. Ƙodar uwar ta fara fitar da fitsari nan take, jaridu suka ɗauka, aka yi ta murna. Bayan kimanin mako uku ta tsaya cak, yaron ya rasu. Ƙodar uwar da ta haife shi ke nan.

Shi ya sa nasarar farko ta zo ta hannun tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ƙwai ɗaya ne ya rabu biyu. Richard Herrick yana da shekara 23, ciwon ƙoda ya kai shi gargara, ga ɗan tagwaicinsa Ronald lafiyayye. Likitocin asibitin Peter Bent Brigham a Boston ba su yarda da kamannin fuska kawai ba. Har ofishin 'yan sanda aka kai su aka ɗauki zanen yatsunsu, aka kuma yanki 'yar fatar Ronald aka ɗora wa Richard aka jira a ga ko za ta zauna. Ta zauna. Ranar 23 ga Disamba 1954 Joseph Murray ya yi aikin. Richard ya warke, ya auri ɗaya daga cikin nas-nas ɗin da suka yi jinyarsa, suka haifi 'ya'ya biyu, ya ƙara shekara takwas a duniya. Bai sha maganin danne garkuwa ba, don jikinsa bai ga baƙo ba. Ke da yayanki ba Hassan da Hussaini ba ne masu kama ɗaya, saboda haka wannan rangwamen ba naku ba ne. Ko kun dace a HLA gaba ɗaya, akwai wasu ƙananan alamomi da suka bambanta ku, sai dai maganin nasa zai iya zama kaɗan.

Ga sauran mutane da ba tagwaye ba, shekarun da suka biyo baya masu ɗaci ne. An gwada haska majinyaci da haske mai ƙona ɓargo don a kashe masu gadin baki ɗaya. Ƙodar takan tsira, mutumin kuma ƙaramar cuta ta ɗauke shi. An gudu ba a tsira ba. Sauƙi ya fara zuwa da wani magani, azatayofirin, wanda Gertrude Elion da George Hitchings suka haɗa, Roy Calne ya gwada a karnuka, sannan Thomas Starzl ya nuna a 1963 cewa in an gama shi da firedinison ana iya kwantar da harin ko ya riga ya fara. Da wannan aka lallaɓa shekara ashirin, amma ƙodar da aka ciro daga mamaci kusan rabi ne kawai ke kai shekara tana aiki.

A tsakiyar wannan hali ne Christiaan Barnard ya dasa zuciya a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, ranar 3 ga Disamba 1967. Zuciyar wata budurwa ce 'yar shekara 25 da mota ta buge. Louis Washkansky, wanda aka dasa wa, ya yi kwana 18 da ita. Ba zuciyar ce ta gaza ba, ciwon huhu ne ya kashe shi, don an danne garkuwarsa har ba ta iya kare shi. Duniya ta ruɗe, a 1968 kaɗai aka dasa zuciya kimanin ɗari a ƙasashe daban-daban, yawancinsu ba su yi nisa ba, asibitoci suka yi ta janyewa ɗaya bayan ɗaya. A ganina an fi yi wa Barnard kirari fiye da kima. Norman Shumway na jami'ar Stanford, wanda ya share shekaru yana gyara dabarar a kan karnuka kuma bai daina ba lokacin da kowa ya gudu, shi ya fi cancanta a tuna.

Abin da ya juya al'amarin daga ƙasa ya fito, ƙasar da ake takawa. Wani ma'aikacin kamfanin Sandoz na Suwizalan ya je hutu Norway ya ɗebo ƙasa a leda, kamar yadda kamfanin ya saba roƙon ma'aikatansa. A cikinta aka samu wata fumfuna, daga ita aka fitar da saikulosforin. Bambancinsa da na baya shi ne ba ya bin kowa da duka, ya fi kama rukunin fararen ƙwayoyin da ke ba da umarnin kai hari ya toshe musu baki. Calne ya fara ba majinyata a 1978, Amurka ta amince da shi a 1983, adadin ƙodar da ke kai shekara ya tashi daga wajen rabi zuwa wajen kashi 80 cikin ɗari. Sai a lokacin dashen hanta da na zuciya suka zama aikin yau da kullum. A 1984 kuma aka samu wani daga ƙasar gindin dutsen Tsukuba a Japan, takrolimus, wanda shi ne mai yiwuwa za a rubuta wa yayanki, tare da maikofenolet da 'yar ƙwayar firedinisolon. Yau fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙodar da aka dasa suna wuce shekarar farko lafiya.

To gwaje-gwajen da aka ce za a yi muku, kowanne akwai kabarin da ya koyar da shi. Na farko rukunin jini, wanda Karl Landsteiner ya gano a 1901: mai O yana ba kowa, mai AB yana karɓa daga kowa, kuma a dashen ƙoda ba a damu da alamar tarawa ko ta ɗebewa da ke gaban harafin ba. Na biyu HLA. Na uku, wanda ya fi su muhimmanci, a haɗa ruwan jininsa da ƙwayoyin jininki a ɗakin gwaji a ga ko za su yi faɗa. Paul Terasaki da abokin aikinsa suka tabbatar da amfanin wannan a 1969. In jikinsa ya riga ya tanadi makamai a kan tsagarki, to tun majinyaci yana kan gadon tiyata, ana sakin jini ya shiga sabuwar ƙodar, maimakon ta yi jajir ta kumbura sai ta yi shuɗi ta yi laushi cikin mintoci, dole a cire ta.

Za ki ce ina ya san tsagarki har ya yi mata tanadi? Ta hanya uku jiki ke haɗuwa da tsagar wani: dashen da aka taɓa yi, ciki, da ƙarin jini. Cikin ne ya sa matar da ta haihu da yawa takan sha wuyar karɓar ƙodar mijinta ko ta ɗanta, don jikinta ya riga ya ga tsagar uban a jikin 'ya'yan da ta ɗauka. Ƙarin jini kuwa shi ne wanda na fi so ki riƙe. Masu wankin ƙoda jininsu yakan yi ƙasa, a wurarenmu kuma abu mafi sauƙi shi ne a kira ɗan'uwa ya ba da leda ɗaya. In dai kina da niyyar ba shi ƙoda, kada ki ba shi jininki, kuma ku tambayi likitansa batun allurar ƙara jini da sinadarin ƙarfe a madadin leda, sai fa in rai ne ke cikin haɗari. Kowace leda darasi ce ga masu gadi.

Aikin kansa bai kai yadda ake tsoro ba. Ba a cika cire tsofaffin ƙodojin ba, suna nan inda suke a baya. Sabuwar a mara ake sa ta, gefen dama ko hagu, a haɗa jijiyoyinta biyu da manyan jijiyoyin da ke gangarawa ƙafa, da irin ɗinkin Carrel, a dasa bututun fitsarinta a mafitsara. Awa uku zuwa huɗu. Ƙodar mai rai sau da yawa tun ba a rufe ciki ba za ki ga fitsari yana ɗiga daga bakin bututun. Shekara nawa ina ganin wannan, har yau in na gani sai na yi tasbihi. Bayan ya warke, in ya ɗora hannu a mararsa zai ji tudunta.

Daga nan ne ainihin aikin ke farawa, kuma a nan ne muka fi yin asara. Akwai wani magidanci da na taɓa dubawa. Dangi suka sayar da gona, aka yi gidauniya a masallaci, aka kai shi waje aka yi dashe da ƙodar ƙanensa. Ya dawo ya yi ƙiba, ya koma kasuwa. Kuɗin da aka tara na tiyata ne da jirgi, ba wanda ya lissafa magani. Da abin ya yi nauyi sai ya fara sha sau ɗaya a rana, daga baya kwana bi-biyu, da ya ga bai ji komai ba sai ya bari. Bai zo ba sai da ƙafafu suka kumbura. Ya zaro takardar maganin daga aljihun gaba, ta yi laushi don ninkewa, ya ce, "Likita, wallahi garau nake ji, na ɗauka ta riga ta kama." Muka ɗebi ɗan tsokar ƙodar da allura muka duba, duk ta zama tabo. Ya koma kan injin wanki, ƙanen kuma ga shi da ƙoda ɗaya.

Abin da ya cuce shi shi ne harin garkuwa ba ya ciwo. Sau da yawa ba zazzaɓi, ba komai, sai dai gwajin jini ya nuna wani datti da ake kira kiriyatinin yana hawa. Shi ya sa a watannin farko za a riƙa kiran yayanki gwaji a kai a kai. Takrolimus kuma magani ne mai tsiwa. In ya yi kaɗan a jini, garkuwa ta farka. In ya yi yawa, shi da kansa yana lalata ƙodar, ya sa hannu rawa, ya jawo ciwon suga. Ana shan sa ne awa goma sha biyu tsakani, a kuma auna yawansa a jini da safe kafin a sha na ranar. Wasu magungunan suna rikita shi: rifamfisin na tarin fuka yana zuƙe shi daga jini, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma suna ninka shi. Saboda haka ba shi ba sayen magani a kemis da ka, ba shi ba jiƙo da tsimi da sassaƙe, ko wa ya kawo, ko da wace irin kyakkyawar niyya. Batun azumi ma sai ya zauna da likitansa, musamman a shekarar farko. Tunda kuma an rage wa masu gadi ƙarfi, tarin fuka da sauran cututtuka sun fi samun ƙofa, zazzaɓin da wani zai sha farasitamol ya kwanta, shi asibiti zai tafi a ranar.

Duk da haka kada ki karaya. Wanda aka yi wa dashe ya fi wanda ya zauna a kan injin wanki tsawon rai da jin daɗi, nesa ba kusa ba, balle a inda yawancin mutane ba sa iya biyan wanki uku a mako da ake bukata. Ƙodar mai rai a matsakaici takan yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin, ta 'yan'uwan da suka dace gaba ɗaya takan wuce haka. Shawarata dai ita ce, kafin a sa ranar tiyata, dangi su zauna su lissafa kuɗin magani da gwaji na wata-wata, a san wanda zai ɗauka, a rubuta.

A gida, asibitin St. Nicholas na Legas ne ya fara a 2000, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo a 2002, yanzu akwai wasu a Abuja da Maiduguri da sauran wurare. Kusan duk dashen da ake yi a ƙasar daga masu rai ne, don ba mu da tsarin karɓar gaɓoɓin mamata irin na Sifen ko Amurka. Ɓargo ma ana dasawa: a 2011 aka fara yi wa mai sikila a asibitin koyarwa na Benin. Shi a nan lamarin juyewa yake yi, don masu gadin ne da kansu ake dasawa, sai ya zama baƙon ne ke iya far wa maigida, shi ya sa dacewar HLA ta fi tsanani a can.

Na san za a tayar miki da maganar addini a gida. Ni ba malami ba ne, amma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta ba da gaɓa da sharuɗɗa: a yi da yardar mai bayarwa, kada ta zama gaɓar da ransa ya dogara da ita, kuma ba sayarwa. Akwai malaman da suka saɓa, ki tambayi wanda kika natsu da shi. Haramcin sayarwar kuwa, dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ma ta tanade shi. Kin dai ji yadda ta kaya da tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, Ike Ekweremadu, wanda kotu a Landan ta ɗaure shekara tara da wata takwas a 2023 kan kai wani matashi ɗan tireda daga Legas don a ciri ƙodarsa. Duk dillalin da ya zo muku da maganar "akwai yaro", ku rufe masa ƙofa. Ƙarancin gaɓoɓin nan ne ya sa a Amurka aka koma gwada na aladen da aka sauya wa halitta, zuciya a 2022, ƙoda a 2024. Waɗanda aka fara yi wa ba su wuce kimanin wata biyu ba. Wannan kam shi ne gwaji, kuma ba shi ake yi muku ba.

Saura ke. Rabin gwaje-gwajen nan ba don yayanki ake yin su ba, don ke ne. Ke ce za ki shiga ɗakin tiyata lafiyarki ƙalau, aikin kuma ba zai ƙara miki komai a jiki ba, saboda haka wajibi ne a tabbatar ba a cuce ki ba. Za a auna hawan jini da suga, a duba fitsarinki ko akwai furotin, a yi gwajin ciwon hanta da ƙanjamau, a ɗauki hoton ƙodojinki a ga biyu ne, a ƙirga jijiyoyin kowacce. Haɗarin mutuwa a aikin mai bayarwa bai wuce kimanin uku cikin dubu goma ba. Ƙodar da ta rage takan ƙara girma ta riƙe wajen kashi 70 cikin ɗari na aikin da biyun ke yi, wannan kuwa ya ishi mutum rayuwa. Ronald Herrick ya yi shekara 56 da ƙoda ɗaya, ya rasu a 2010 yana da shekara 79.

Abu biyu nake so ki tambaya da bakinki. Na farko, me ya kashe ƙodar yayanki? In ciwon gado ne, ko suga da hawan jini sun yi yawa a gidanku, to abin da ya same shi yana iya jiran ki a gaba. Akwai ma wani nau'in ƙwayar gado mai suna APOL1 da ya yawaita a Afirka ta Yamma, yana kare mutum daga ciwon barci na ƙudan tsando amma yana ƙara haɗarin ciwon ƙoda ga wanda ya gaje shi ta uwa da uba, wasu cibiyoyin suna gwada shi ga mai bayarwa. Na biyu, haihuwa. Mace mai ƙoda ɗaya tana ɗaukar ciki ta haihu lafiya, amma haɗarin hawan jinin masu ciki yakan ɗan ƙaru, saboda haka in ba ki gama haihuwa ba ki faɗa wa likita, a kuma dubi ko akwai wani a gidan da ya fi ki dacewa. Za a kira ki ɗaki ke kaɗai, ba yayanki, ba mahaifiya, a tambaye ki ko wani ya matsa miki. Ki faɗi gaskiya. In kika ji zuciyarki ta sauya, ko da safiyar ranar aikin ne, kina da ikon fasawa, kuma abin da kika faɗa a ɗakin nan ba ya fita.